Alhamis Ɗin Domnica

Ni ce maƙwabciyar da aka tambaya. A ƙasan takardar an bar wurin sa hannu uku, na mai ciwon, na mutumin gida, da na maƙwabci, kuma a wuri na ukun sunana ne, Profira, da rubutuna marar kyau. Na fara da wannan ne don kada a ce na zo in wanke kaina in shafa wa Toader, mijin maƙwabciyata Domnica, baƙi. Toader zai sami rabonsa a labarin nan, amma nawa ma yana nan, ban manta da shi ba.

Shingen katako ne kawai ya raba gidana da na Domnica. Ni na riƙe 'yarta Otilia ranar baftisma, shi ya sa nake ce mata kumatra take ce min kumatra, mijinta Toader kuma in ce masa kumatru. Shekara goma sha shida ta yi a Italiya tana jinyar tsofaffin wasu, huɗu daga cikinsu a hannunta suka cika. Ta dawo gab da Kirsimeti, sati biyu bayan Ista ta yi yunƙurin raba kanta da duniya. Yadda ta yi ba zan faɗa ba, ba zai amfani kowa ba. Ni na kira motar asibiti, lokacin Toader yana tsaye a tsakar gida yana cewa a ɗan dakata, jiniya za ta tara mana mutane. Ga ƙauye kuwa aka ce hawan jini ne ya kayar da ita. Kowa ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sawwaƙe, kowa kuma ya sani.

Daga asibiti aka tura ta wata cibiya a cikin gari, ɗaki biyu a saman shagon takalma, inda wata mata, Doamna Sanda, wato Uwargida Sanda, ke sauraron waɗanda rayuwa ta kai su bango. Duk Alhamis ta kan hau bas ɗin ƙarfe takwas ta dawo da na ƙarfe biyu. Alhamis ta uku na leƙa ta kan shinge na same ta tana watsa wa kaji tsaba.

Na ce, "Kumatra, wai me matar nan take ba ki ne? Allura ko ƙwaya?"

"Doamna Sanda? Kujera take ba ni."

"Kujera kuma? Ai da kin faɗa, ina da huɗu a ɗaki, da na hutar da ke shiga mota."

Ta yi 'yar dariya, wadda rabona da jin irinta tun kafin ta tafi Italiya. Ta ce, "Tambayata take yi yaya na kwana, sai ta yi shiru ta jira amsa. Kin taɓa ganin haka? Ni duk wanda ya tambaye ni, kafin in buɗe baki ya kai ƙofa."

Sai ta ciro wani ɗan kati daga aljihun gaban rigar aikinta ta nuna min. Lambar waya ce. Ta ce alkawari biyu ta ɗaukar wa matar. Na farko, duk ranar da baƙin tunanin nan ya taso mata, za ta kira lambar kafin ta yi komai. Na biyu, ba za ta koma Italiya ba muddin Alhamis ɗin nan tana nan, domin Doamna Sanda ta faɗa mata a fili cewa komawa yanzu hatsari ne ga ranta. Ta mayar da katin aljihu ta dafe shi da hannu.

Alkawari na biyun nan shi ya tsaya wa gidan a wuya. Da gumin Domnica aka gina shi, bene guda har da baranda, amma saman har yau ba tagogi, leda ce ke kaɗawa. Toader rabonsa da aiki tun da aka rufe masana'antar katako, wai bayansa na ciwo, bayan da ba ya hana shi ɗaga tukunyar dafa barasa shi kaɗai. Otilia tana aure a gari, kuma tun tana 'yar shekara goma abin da ta sani na uwa shi ne kwalin da ke zuwa a motar Juma'a da murya a waya ran Lahadi. Sun saba da Domnica tana can. Da ta dawo sai suka rasa inda za su ajiye ta.

Ita ma ta rasa. Ba ta shiga ɗaki a gidanta sai ta ƙwanƙwasa. Ba ta buɗe firij sai ta nemi izini. In an zuba tuwon masara da cuku, sai ta ɗauki nata ta ci a tsaye a bakin wurin wanke-wanke, da sauri, kamar mai jiran a kira ta. Barci kuwa ba ya wuce mata awa biyu, jikinta ya saba da tashi juya tsoho. Toader ya ce zirga-zirgarta na hana shi hutawa, ya kwashe mata shimfiɗa ya kai kicin ɗin waje da ake girki da rani. Ya kuma laƙaba mata suna, Sinyora, wato uwargida a bakin mutanen Italiya. Da safe zan ji shi daga lambuna yana cewa, "Sinyora ta tashi? A kawo wa Sinyora kofi a gado?"

Wata Lahadi a watan Yuli ina zaune da su a ƙarƙashin rumfar inabi muna ɓarar wake, Otilia ta iso da fara'arta.

"Mama, an samo miki wuri. Tsoho ɗaya ne a Verona, can Italiya, ba ya tafiya, ba ya faɗa, ba ya cizo. Lahadi da yamma duk taki ce. Ƙarshen Agusta suke so."

Waken da ke hannun Domnica ya zube a cinyarta. Ta ce, "Doamna Sanda ta ce..."

Toader ya bugi tebur. "Doamna Sanda, Doamna Sanda! Ita ta aure ki ko ni? Zama ne ya kawo miki wannan. Shekara goma sha shida kina aiki, mun taɓa jin kin yi ko tari? Kin dawo kin zauna, tunani ya sami wuri. Uwata 'ya'ya tara ta haifa, ta binne uku, ba ta taɓa zuwa ta yi wa baƙuwa kuka ba."

Otilia ta ce da ubanta, "Tata, bi a hankali." Ta juya ta riƙe hannun uwar. "Mama, don ke nake faɗa. Kin san me ake cewa a shago? Duk Alhamis sai an ƙirga ki a tasha. Uwar mijina har tambayata ta yi wai ko abin na gado ne. Ni yaya kike so in yi da raina?"

Domnica ta ce, "Ki yi haƙuri."

Ita ke ba da haƙuri. Na ce, "Ku bar ta ta gama da matar mana, me ake ci da gaggawa?" Toader ya kalle ni yana murmushi ya ce, "Kumatra, wakenki kike ɓara ko namu?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, don in ba ka yi ba sai a ce ka zo faɗa gidan mutane.

Daga nan abubuwa suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da dalilinsa mai kyau. Alhamis ta tara ta faɗo ranar kwasar ciyawa, hadari na haɗowa, wa zai bar ciyawa a fili ya tafi hira gari? Ta goma Toader ya ce an canja lokacin bas, alhali da idona na ga bas ɗin ya wuce ƙarfe takwas daidai. Otilia ta zo ta yi wa uwarta wanki don ta huta, ta haɗa da rigar aikin, katin ya fito ya zama dunƙulen takarda. Wayar Domnica kuma gilashinta ya tsage, Otilia ta tafi da ita gari gyara, gyaran da bai ƙare ba. Doamna Sanda ta kira wayar gida sau biyu. Ina jin Toader ta taga yana cewa, "Tana barci, doamna, barci take sha sosai yanzu, Allah ya saka miki."

Na ce da Domnica ta zo ta kira da wayata. Ta ce lambar ta ɓace mata a kai, ta yi ta jerawa tana rikicewa. Na ce in na shiga gari zan karɓo mata. Satin nan ina dafa tumatir na ajiyar hunturu, ban shiga ba. Ta rame har zobenta ya koma yatsan tsakiya. Ta daina watsa wa kaji tsaba, sai ta tsaya da kwanon a hannu suna tsalle suna ci da kansu. Alhamis ta goma sha ɗaya ta sulale ta bayan lambu ta tari bas a hanya, ta dawo idanu a kumbure amma tana tafiya kamar mutum. Ta ce min matar ta rubuta a ƙara mata wata uku.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne rubutun Doamna Sanda ba shi ne ƙarshe ba. Ƙa'idar wurin ita ce sati goma sha biyu ga kowa. Daga nan sai a turo wani daga ofishin gunduma ya auna ko aikin ya yi amfani, don kada mai aiki ta yi wa aikinta hukunci da kanta. Ya kan zo har gida da tambayoyinsa, ya ji ta bakin mai ciwo, da mutumin gida, da maƙwabci ɗaya. In ukun sun ce an samu sauƙi, a rufe fayil a ba wani kujerar. A takarda abin gwanin kyau. Wanda ya tsara shi dai bai taɓa zama baƙo a ƙauyenmu ba.

Ana gobe mutumin gunduma zai zo, Toader ya bayyana a ƙofata da kwandon tuffa.

"Kumatra, gobe za ki leƙo mana. Maƙwabci suke so, kuma wa muke da shi in ba ke ba?"

"Me zan ce masa?"

"Abin da ake cewa mana. Ke yarinya ce?" Ya ajiye kwandon. "Kin san in suka rubuta ba ta warke ba, asibitin mahaukatan can na bayan gari za su kai ta, mai katanga. Ki ce a ƙauyen nan an taɓa kai wani can ya dawo da mutuncinsa. Rufin asiri kawai nake nema, nata da na 'yar da kika riƙe a gaban Allah."

Maganar asibitin ƙarya ce, babu wanda ya ce za a kai ta ko'ina. Amma ban bincika ba, kuma in faɗi gaskiya, ban so in bincika ba. Na karɓi tuffar.

Mutumin gunduma, Domnul Cezar, wato Malam Cezar, ya iso wajen sha ɗaya a wata ƙaramar mota fara. Ba zai wuce talatin ba, mai ladabi, da jaka da gumi a goshi. Ya ce gida tara zai zaga ranar, na su Domnica ne na huɗu. Aka buɗe masa ɗakin baƙi, wanda ba a buɗewa sai Ista da biki, mai darduma a bango da matasan kai a jere har rufi. Otilia ta sa wa uwarta rigar zuwa coci, ta shafa mata ɗan jan baki, ta ɗora mata tire. Domnica da kanta ta kawo masa abin da ake tarar baƙo da shi, ceri dafaffe da sukari a ɗan faranti, da ruwan sanyi, da kofi. Kofin yana rawa a kan tiren, Otilia ta tallafa ta ƙasa da yatsa biyu.

Toader ya ce, "Ka gani? Ita ta dafa cerin nan da hannunta. Marar lafiya na yin haka?"

Ni na dafa shi. Daga ɗakina aka ɗauko kwalbar da safe.

Cezar ya sha, ya yaba, ya buɗe jaka. Ya yi gyaran murya ya ce, "A ƙa'ida ya kamata in ɗan zauna da doamna ita kaɗai."

Toader ya yi dariya har da dafa masa kafaɗa. "Haba ɗana! A gidana za ka kore ni? In bar baƙo zaune in fita waje kamar an yi faɗa? Me za ta faɗa maka da ban sani ba, shekara talatin da huɗu muna tare? Otilia, ƙara wa domnul kofi."

Yaron ya kalli faranti, ya kalli agogo. Ya riga ya ci abin mutane, kuma shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya san ba a ci a gidan mutum sannan a nuna masa ƙofa. Ya ce, "To, ba komai." Ya fara karantawa.

"Yaya barci?"

"Kamar jaririya," in ji Toader.

"Cin abinci?"

"Sai mun ƙwace kwanon," in ji Otilia.

"Tana shiga mutane?"

"Ga kumatra nan, kullum suna kan shinge, kaji ma sun gaji da su."

Haka aka yi ta tafiya, yana tambayar Domnica, amsa na fitowa daga dama da hagu, ita tana gyaɗa kai, shi yana sa alama. Da ya zo tambaya ta tara sai ya rage murya, kamar rage muryar zai rage mutanen ɗakin.

"Doamna, a sati biyun nan, kin yi tunanin cutar da kanki?"

Toader ya yi alamar gicciye. Otilia ta ce, "Allah ya kiyaye." Wannan karon ba wanda ya amsa a madadin Domnica. Domnica ba ta kalli mijinta ba, ba ta kalli 'yarta ba. Ni ta kalla. Ta daɗe tana kallona, ni kuwa na sunkuya ina gyara bakin mayafin tebur da ba abin da ya same shi.

Ta ce, "A'a."

Cezar ya sauke numfashi ya sa alama. Ya juyo gare ni. "Tanti Profira, ke da kike ganinta kullum, yaya kika ga jikin nata in aka kwatanta da watan Mayu?"

Na san zoben da ya canja yatsa. Na san kwanon tsaba. Na san wa ya dafa cerin da ke bakinsa. Toader yana murmushi, Otilia da na riƙe tana jaririya tana kallona da idon roƙo, ga baƙo a zaune. A wurinmu ba a tona maƙwabci gaban baƙo, haka aka raine mu, kuma haka na faɗa wa kaina a lokacin.

Na ce, "Gaskiya da sauƙi. Mun gode Allah."

Muka sa hannu mu uku, Domnica da Toader da ni. Toader ya cusa masa kwalbar barasa a jaka yana ƙi ana dariya, aka raka shi har mota. Duka-duka bai yi minti arba'in ba.

Wasiƙa ta zo bayan kwana takwas, tana taya Domnica murnar warkewa. Toader ya karanta ta a shago da ƙarfi don kowa ya ji. Doamna Sanda ta sake kiran gidan, ta ce ko an rufe fayil Domnica ta zo ƙarfe huɗu bayan an tashi aiki, za ta jira ta. Toader ya ce, "Doamna, hukuma ta ce ta warke, ke kin fi hukuma ne? Ki bar mana matarmu haka." Alhamis ɗin da ta biyo na ga Domnica a bakin ƙofa tun bakwai da rabi, da jaka a hannu. Bas ya zo ya rage gudu, direban ya yi mata hon. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta tsaya har ƙarar ta ɓace, sannan ta ƙwanƙwasa ƙofar gidanta ta shiga.

Ranar Juma'ar ƙarshen Agusta motar Italiya ta tsaya a ƙofarsu da hantsi. Kafin a ɗora jakarta ta miƙo min babbar rigar sanyinta ta kan shinge, mai kyau, baƙa, wadda wata tsohuwa da ta yi jinya ta bar mata.

Na ce, "Kumatra, can ma ai ana sanyi."

"Ki riƙe dai. Ta fi yi miki kyau."

"In kin dawo Kirsimeti ki karɓi abinki."

Ta shafa min hannu sau biyu. Na san abin da nake gani, amma direba na kiran a yi sauri, Toader na ɗaura kwalin barasar da zai aika wa wani, Otilia na ɗaukar hoto. Na ce a raina ran Litinin zan shiga gari in sami matar. Na shiga kuwa, wannan karon. Doamna Sanda ta saurare ni fuskarta na canjawa, ta nemi lambar gidan Verona. Ba ni da ita. Ta kira Otilia a gabana, Otilia ta ce za ta turo. Ta sake kira ran Laraba, da Juma'a. Ni ma na tambaya har Otilia ta ce, "Nasha, ki bar Mama ta saba da wurin mana, kuna ta tuna mata abin da ya wuce." Nasha ita ce uwar baftisma, kuma ta faɗe ta ne yadda ake faɗa wa mutum ya san iyakarsa.

Kwana goma sha tara da tafiyarta aka kira daga Verona.

Gawar ta iso cikin akwatin ƙarfe da takardun can, kuma mutanen can ba su san hawan jini irin namu ba, sun rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Fada Onufrie ya sa gilashi ya karanta fassarar a tsakar gida, ya cire gilashin. Ya ce da Toader abin da kowa ya sani, wanda ya ɗauki ransa da hannunsa ba a shiga da shi coci, ba a kaɗa masa ƙararrawa, ba a yi masa addu'ar binnewa. Sai dai in akwai takardar masana da ke nuna ciwo ne ya rinjayi hankalinsa. In akwai, zai kai wa bishop ya nemi izini.

Da la'asar Toader ya zo ƙofata, hula a hannu, ba kwando.

"Kumatra, gobe za ki raka ni gari."

"Wurin wa?"

"Wurin matar nan. Ke ta san ki. Ki faɗa mata yadda jikin yake, ke kin gani ai. Ba ta barci, ba ta ci, ba ta cikin hayyacinta tun hunturu. Kowa ya sani." Muryarsa ta karye. "Kada a binne min ita kamar kare, kumatra. Me mutane za su ce?"

Na so in rufe masa ƙofa a fuska. Na tafi ne don Domnica, wadda ko a Italiya ba ta taɓa barin azumin Ista ya wuce ta ba.

Muka hau matakalar nan ta gefen shagon takalma. Doamna Sanda mace ce mai furfura, gajeren gashi, ba ta da yawan magana. Ta bar Toader ya gama jawabinsa a tsaye, sannan ta ɗauko fayil ta shimfiɗa takarda biyu a tebur. Ta dafa ta farko.

"Wannan ni na rubuta, sati na goma sha ɗaya. Na ce tana cikin hatsari, a ƙara mata lokaci, kada ta yi tafiya." Ta dafa ta biyu. "Wannan kuma ku kuka sa wa hannu. Wacce kake so in ba ka?"

Toader ya murza hularsa. "Doamna, mu ba likitoci ba ne. Yaron ya tambaya, muka amsa masa yadda ake amsa wa baƙo."

Ta juyo gare ni. Ta yi shiru ta jira. Sai a lokacin na gane abin da Domnica take zuwa nema a ɗakin nan, kuma ban iya ɗaukarsa ba.

Na ce, "Ƙarya na yi. Na san ba ta da sauƙi. Ta kalle ni, na kau da kai."

Ta ce in rubuta haka in sa hannu, za ta aika ofishin gunduma, ko sa daina yi wa mutum tambaya ta tara a gaban danginsa. Na rubuta. Ta ce ba ta yi min alkawarin za su karanta ba, domin a lissafinsu na bana Domnica tana cikin waɗanda suka warke, an rufe fayil tun Agusta, abin da ya faru bayan nan kuma a wata ƙasa ya faru. Sannan ta buga kwafin takardarta, ta sa hatimi, ta miƙa wa Toader. Bai ɗauki minti biyar ba. Ya karɓa da hannu biyu yana godiya, ya juya ambulan ɗin, ya ga sunan cibiyar a bugu a kai.

"Doamna, ba ki da wani marar rubutu? Bas ɗin ƙarfe biyu duk 'yan ƙauyenmu ne."

Izini ya zo bayan kwana biyu. Aka yi mata addu'a gajera, aka binne ta kusa da uwarta. Daga maƙabarta aka dawo gida cin abincin sadaka, tebura a jere tun daga rumfar inabi har bakin ƙofa, naman da aka naɗe a ganyen kabeji, da dafaffiyar alkama mai zuma, da barasar Toader. Mata suna ta cewa zuciya ce, aikin can ke cinye zuciya, wance ma haka ta yi. Otilia tana zagawa da tukunya, idanu jajur. Kukanta na gaske ne, wannan ba zan hana ta ba.

Uwar mijin Otilia ce ta leƙo daga can gefen tebur ta ce, "Profira, ke da kika fi kowa kusa da ita, ba ki ga wata alama ba?"

Na ce, "Na gani."

Ban ɗaga murya ba, amma teburin ya ji.

"Na gani, mijinta ya gani, 'yarta ta gani. Ke ma da kike tambaya ko na gado ne, kin gani. Wuri ɗaya take da shi da ake sauraronta, awa ɗaya a sati, muka taru mu uku muka yi ƙarya aka karɓe mata."

Cokula suka tsaya. Fada Onufrie ya kalli farantinsa. Otilia ta ajiye tukunya ta shige ɗaki. Na jira wani ya ce min ƙarya nake, ko ya ce min gaskiya ne, ko ya kore ni. Ba wanda ya yi ko ɗaya. Daga kan tebur Toader ya miƙo hannu ya tura min faranti gabana.

"Kumatra, ci abinci, yana hucewa."

Abincin sadakar mamaci ba a ƙin sa, don ran Domnica aka dafa shi. Na ɗauki cokali na ci.